Iskar tayar karfan mai kaya: a rage saboda zafi ko a bar ta cike?

Abu Safwan: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar taya. Maigidana ya sayi karfan, irin ɗakin nan da ake ja da mota, mai taya huɗu, da kicin da banɗaki a ciki. Ranar Alhamis za mu tashi daga Riyad zuwa Ɗa'if da iyalinsa, ni zan ja shi da Jims, wato motar GMC. Jiya na kai shi banshar ɗin unguwarmu, wato shagon faci, mai facin ya auna ya tarar da 60 a ma'aunin iska na PSI, sai ya sassauta ya mayar da kowace taya 45. Ya ce yanzu Yuli ne, kwalta wuta ce, in na bar su a cike ba za su kai garin Guwai'iyya da ke kan hanya ba sai sun fashe. To amma a jikin tayar 65 aka rubuta. Maigida ya ce in bi maganar mai faci tunda sana'arsa ce. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, yara huɗu zan ɗauka.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Mai facin bai yi ƙarya ba ɗan'uwa. Kowa ya san zafi yana ƙara iska. Ni duk bazara ina rage ta Camry ɗina daga 33 zuwa 29, shekara tara ke nan ban taɓa samun matsala ba.

Bakanike Sana'iyya: Abu Safwan, kafin kowa ya ƙara cewa komai, je ka tsuguna gaban tayar ka kwafo mana duk abin da ke rubuce a gefenta, harafi da lamba, kada ka tsallake ko ɗaya. Sannan ka duba jikin karfan ɗin ta gefen direba wajen gaba, akwai wata takarda ko farantin ƙarfe da kamfanin ya manna, ka kwafo shi ma. Ban da wannan duk hasashe za mu yi ta yi.

Abu Safwan: To Malam, ga shi. A jikin taya: ST205/75R15, sai 107/102L, sai harafin D, sai 975 kg, sai 450 kPa da 65 PSI, sai kalmar COLD a ƙarshe. A farantin kuma an sa 65 ɗin dai, kuma an rubuta jimillar nauyi kada ya wuce kilo 3,500.

Bakanike Sana'iyya: Madalla. Koma ka mayar da iskarka 65, kuma ba da rana ba, da asuba.

Bari in faɗi dalili don ka samu abin gaya wa maigidanka. Abin da ke ɗauke da kaya ba roba ba ce, iskar da ke ciki ce. Wannan rubutun da ka kwafo alkawari ne mai sharaɗi: tayar za ta ɗauki kilo 975 idan akwai 65 a cikinta tana sanyi. Ka rage iska, ka rage abin da za ta iya ɗauka. Wannan girman na taya a kan 50 kilo 825 kawai take ɗauka, kai kuwa an sauke ka har 45, ƙasa da hakan ma.

Yanzu batun zafin. Ka ɗauki wayar ƙarfe ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya da sauri, sai ka taɓa wurin lanƙwasar. Za ka ji ta yi zafi, in ka ci gaba kuma nan za ta karye. Haka gefen taya yake yi. Duk zagaye ɗaya yana lotsawa a ƙasa ya miƙe a sama, kuma tayarka tana zagayawa fiye da sau 450 a kowace kilomita. In iska ta cika, lotsawar kaɗan ce. In an rage, lotsawar ta yi yawa, zafi ya riƙa tasowa daga cikin naman tayar, har robar ta saki wayoyin da ke riƙe da ita. Ɓawon tayoyin da muke gani zube a gefen hanyar Ɗa'if da ta Madina, akasarinsu haka suka mutu: ƙarancin iska, yawan kaya, gudu, tsufa. Mai facin ya ji tsoron zafi, sai ya yi abin da ke ƙara zafin.

Baban Ummi: To amma Malam, ai iskar tana hawa. In ya tashi da 65, da azahar ta kai nawa? Ba ta wuce abin da aka rubuta ba ke nan?

Bakanike Sana'iyya: Za ta wuce, kuma masu ƙera tayar sun san za ta wuce, shi ya sa suka rubuta COLD, wato awon sanyi. Lambar ba iyakar da taya ke fashewa ba ce, ma'aunin da ake cikawa ne kafin a fara tafiya. In ya tsaya a hanya ya ga 72 ko 75, lafiya lau, an yi lissafin wannan tun a masana'anta. Babban kuskure shi ne ya ga 74 ya tsorata ya saki iska ta koma 65 tana da zafi. In ta huce da dare zai tarar da ita wajen 56, washegari ya tashi da kaya a kan tayar da ba ta da iska.

Kai kuma Baban Ummi, Camry ɗinka cikin gari kake yawo da ita, kai kaɗai ko da mutum biyu, shi ya sa ta rufa maka asiri. Duk da haka ka mayar da ita abin da ke rubuce a bakin ƙofarka.

Kawu na Gadarif: 'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Na yi shekara ashirin da wani abu ina jan lori daga Gadarif zuwa Bur Sudan, riɗi da dawa, ta Kasala da Hayya da Sinkat, mu gangara Aƙaba. Babu zafin da za ku gaya mini. Mu a zamaninmu in bazara ta yi muna ɗan rage iska, iyayen gidanmu haka suka koya mana. Kuma ba ma tafiya da tsakar rana. Ƙarfe sha ɗaya mun nemi inuwa, sai la'asar. Kowace tsayawa yaron mota ya zagaya da ƙarfe yana bugun tayoyi, kunne ya gaya maka wadda ta yi sanyi. Da haka muka yi aikinmu har muka bari. Wannan lissafi naku na lamba ban raina shi ba, amma hanya ma makaranta ce.

Mai Faci na Kilo 14: Kawu, Allah ya ƙara girma. Ni sana'ata ke nan a Jidda, kuma zan faɗi gaskiya ko da ta taɓa 'yan'uwana masu faci. Da yawanmu ba mu karanta gefen taya. Hannu ya saba da 32 da 35 na ƙananan motoci, in mutum ya ga ƙaramar taya mai rim 15 an ce 65 sai gabansa ya faɗi. Ni ma a farkon zuwana haka nake yi. Wani mutum ya kawo mini tirelar jirgin ruwa zai kai Shu'aiba, na sa masa 40, bai yi nisa ba ya dawo da taya a yage. Na ɗauki kwana ina tunanin abin, daga nan na fara tsugunawa ina karantawa kafin in sa tiyo.

Abin da ya tsare ku a hanyar Bur Sudan, Kawu, ina ganin hutun tsakar ranan nan ne da rashin gudu. Lorin da ke ɗauke da buhuna nawa yake yi, 60? Shi wannan yaron hanyar da zai hau motoci gudun kilomita 140 suke yi a kanta.

Kawu na Gadarif: Wani lokaci ko 60 ɗin ba ma kaiwa. Wannan ka faɗi gaskiya. Amma bugun ƙarfen fa?

Mai Faci na Kilo 14: Bugun ƙarfe yana nuna tayar da ta sace sosai. Ba zai raba maka 65 da 52 ba, kuma tsakanin nan ne ake mutuwa. Ido ma ba ya rabawa, musamman a mai taya biyu a jere, domin ta kusa tana tallafe wa 'yar'uwarta, sai ka gan su tsaye ƙyam alhali ɗaya ta yi rauni. Abu Safwan, ka sayi gejinka na kanka, wanda yake kaiwa 100, ba na ƙananan motoci da ke tsayawa a 50 ko 60 ba. Gejin tiyon banshar yana shan faɗuwa a ƙasa kullum, na sha gwada biyu a taya ɗaya su ba ni lamba daban. Kuma ka lura, wasu injinan da ma'aunin bar suke awo, ba PSI ba. 65 ɗinka bar 4.5 ne.

Ɗan Madina: Ni ina da ja a nan, ba don a rage saboda zafi ba, wannan na yarda kuskure ne. Amma me ya sa dole sai 65? Kamfanonin taya suna da jadawali na nauyi da iska. In karfan ɗin bai cika kaya ba, a ce kowace taya kilo 700 take ɗauka, ai 50 ta ishe shi. Iska mai yawa a kan kaya kaɗan tana sa abin ya riƙa tsalle, kwanuka su farfashe a kicin, tsakiyar tayar ta suɗe kafin gefe. Na ja ƙaramar tirelar kaya tsakanin Madina da Yanbu shekara uku, in ba kaya na cika ta, kamar ƙwallo take yi a bayana.

Bakanike Sana'iyya: Wannan ja ce mai ma'ana, kuma jadawalin gaskiya ne. Sai dai ka ce "a ce kilo 700". Wa ya auna? Jadawali yana aiki ne ga wanda ya san nauyin da ke kan kowace taya, ba jimilla ba. Karfan ba ya raba kaya daidai. Gefen da firiji da murhu da tankin ruwa suke ya fi ɗayan nauyi, kuma in wuyan ya ɗaga ko ya sunkuya, aksil ɗaya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar hagu da ta dama, ya fi ɗaya shan wahala. Ka raba jimilla gida huɗu ka samu lamba mai daɗi, alhali akwai taya guda da ke ɗauke da fiye da rabonta, kuma ita za ta fashe.

Sannan mai aksil biyu yana da wata wahala da tirelarka mai aksil ɗaya ba ta da ita. Ka tsaya ka kalli irinsa yana juyawa a matsattsen wuri, za ka ga tayoyin ba sa bin kwanar, jan su ake yi a kaikaice, gefensu yana murɗewa kamar za su fita daga rim. Iska cikakkiya ce ke rage wannan murɗewar. Ga kuma farantin kamfanin da ya ƙera karfan ɗin shi ma 65 ya ce. Tirelarka da ke dawowa wayam daga Yanbu daban, ɗakin da ko babu kaya yana da nauyin kansa daban.

Ɗan Madina: Na karɓi batun aksil biyun, ban taɓa lura da shi ba. Amma ina nan kan cewa ya auna nauyin. Kada a ce 65 ta gama magana, alhali kayan sun wuce abin da ko 65 ɗin za ta ɗauka.

Bakanike Sana'iyya: A nan bakinmu ɗaya. Abu Safwan, ka loda komai yadda za ku tafi, har ruwa da tukunyar gas, ka nemi babban mizani, masu sayen tsofaffin ƙarafa a sana'iyya, unguwar masana'antu, suna da shi. Ka auna sau biyu. Na farko yana rataye da mota, tayoyin karfan kaɗai a kan mizani. Na biyu ka kwance shi ya tsaya shi kaɗai gaba ɗayansa. Bambancin shi ne nauyin da ke kan ƙugiyar motarka, ana so ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jimilla. In ya gaza haka, wutsiya za ta riƙa kaɗawa duk lokacin da babbar mota ta wuce ka.

Maman Hanif: Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Ni abin da ya tsaya mini shi ne maigidan ya riga ya ce a bi mai faci. Ƙanena, duk wannan ilimin da aka ba ka, in ka je ka ce masa "'yan zaurenmu sun ce", ka san amsar da za ka samu. Mijina direban gida ne shekara goma sha ɗaya, na san yadda abin yake. Kada ka yi musu da shi a gaban iyalinsa, kada kuma ka ce mai faci bai iya ba. Ka same shi shi kaɗai, ka kai shi gaban farantin nan ya karanta da idonsa, ka ce kamfanin da ya sayi abin a wurinsu ne suka rubuta, kai kuma tsoron amanar yaransa kake ji. Ka bar shi ya zama shi ya yanke. In ya ga lambar da kansa, zai ce a cika, kuma gobe ba zai ce ka yi gaban kanka ba.

Abu Safwan: Hajiya, Allah ya saka da alheri, wallahi wannan ne ya fi damuna. Haka zan yi bayan isha'i.

Baban Ummi: A sa masa naitirojin mana, an ce ba ya hawa da zafi.

Mai Faci na Kilo 14: Yana hawa. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. In ya samu ya sa, in bai samu ba kada ya ɓata lokaci, lambar ce ke da muhimmanci. Abin da ya fi wannan: ka duba shekarun tayoyin. Nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Karfan yana yin wata takwas a tsaye a istiraha, gidan shaƙatawa, rana tana dukansa, zanen tayar sabo fil amma gefen ya tsattsage. Ni a wannan ƙasar ba na barin tayar tirela ta wuce shekara biyar ko da ba ta taka ƙasa sosai ba. Ka duba har safaya, ita ma ka cika ta 65. Sannan bakin iskar, in na roba ne irin na ƙananan motoci, iyakarsa ke nan 65, gara a canza maka na ƙarfe.

Ɗan Madina: Kada a manta da Jims ɗin kansa. Shi ba lambar gefen taya zai bi ba, takardar bakin ƙofar direba zai bi, in kuma an ba da lambar cikakken kaya ita zai sa, don tayoyin baya ne za su ɗauki wuyan karfan.

Abu Safwan: Jama'a ga labari. Maigida ya karanta farantin, ya yi shiru, ya ce gobe da asuba a cika. Alhamdu lillahi. Yau kuma na je mizani. Da tankin ruwa cike, lita 200, jimilla kilo 3,620. A kan tayoyi huɗun kaɗai 3,220. DOT na huɗun 1422, safaya kuma 3617.

Bakanike Sana'iyya: Ka ga abin da Ɗan Madina yake faɗa. Kun haura iyakar karfan ɗin da kilo 120. Kuma 3,220 gida huɗu 805 ke nan kowace taya, kafin a yi maganar gefen da ya fi nauyi. Ko a 50 saura kilo 20 ka cike abin da take iyawa, kai kuwa da 45 za ka kama hanyar kusan kilomita 800 a Yuli. Allah ne ya sa zuciyarka ta ƙi kwanciya.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Zubar da 150, ka bar 50 na alwala da banɗaki, Ɗa'if akwai ruwa. Ka koma 3,470. Nauyin ƙugiya 400 ne, wajen kashi 11 cikin ɗari, ya yi, sai dai in tankin a gaba yake ka lura kada wuyan ya yi sauƙi bayan ka zubar, ka matso da kaya masu nauyi gaban aksil. Safayar mako na 36 na 2017 ce, canza ta kafin ku tashi.

Gudu kuma: harafin L ɗin nan na 107/102L yana nufin kilomita 120 a awa ne iyakar tayar, amma iyaka ba wurin zama ba ne. 140 da aka sa a hanyar Riyad zuwa Ɗa'if tun 2018 na ƙananan motoci ne. Ka zauna a 90 a layin dama, duk mai sauri ya wuce.

Kawu na Gadarif: Ɗana, lambarku ku riƙe, na ga mizani ya yi magana. Amma ka ɗauki ɗaya daga wurina: ka tashi da sallar asuba, in rana ta take ka nemi inuwa ka ba tayoyi da kanka hutu. Kuma duk tsayawa ka zagaya ka kai bayan hannunka kusa da kowace taya da cibiyarta. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, akwai magana a wurinta, ko birki ne ke kamawa ko boris ya bushe.

Bakanike Sana'iyya: Wannan ta Kawu a rubuta ta. In kuma, Allah ya kiyaye, ɗaya ta fashe, ta kusa da ita ta ɗauki kayan biyu har ka tsaya, kada ka amince da ita sai an cire an duba cikinta.

Abu Safwan: Salamu alaikum, daga Ɗa'if nake rubutu, mun sauka lafiya jiya bayan isha'i. Na cika 65 ƙarfe huɗu na asuba da gejina kafin in motsa. A Guwai'iyya na auna, uku suna 71, ta baya gefen kicin 72. Mun yi azahar mun huta har la'asar kamar yadda Kawu ya ce. A Zalim 74 da 75, ban taɓa su ba, ko da yake maigida ya leƙo ya ga lambar ya kalle ni. Yau da safe na auna a sanyi, duka 64. Ina tsammanin za su fi haka sauka tunda garin da sanyi.

Bakanike Sana'iyya: Barka da sauka. Abu biyu ne suka ja ta, kowanne ta gefensa. Sanyin safiyar Ɗa'if ya rage ta, tsayin wurin kuma ya ƙara, don kun hau sama da Riyad da fiye da mita 1,000, iskar waje ta yi sauƙi, geji yana nuna ƙarin wajen 2. Bar su haka muddin kuna zaune. Ranar komawa ka cika 65 da asuba, ka zubar da tankin ruwan datti kafin ka kama hanya, kuma ka sa ido kan ta bayan nan ta gefen kicin, ita ce ta fi ɗaukar kaya.

Abu Safwan: In sha Allahu. Janareto ma a wannan gefen yake, zan mayar da shi ɗaya gefen kafin mu taso ranar Asabar.